DAGA YAMAI ZUWA DAMAGARAM CIKIN KAR: SAURI YA HAIFI NAWA

Ya ku masu karatu, da wuya a sami wani a cikinku wanda bai taɓa kwana a tashar mota ba, kansa bisa jakarsa, kunnensa wajen mai kiran suna. Ma'aikacin da aka sauya wa wurin aiki, da ɗalibi mai zuwa hutu, da ɗan kasuwa, da mai zuwa gaisuwar mutuwa, da mai kai marar lafiya babban asibiti, dukanmu babbar motar fasinja ce ke haɗa mu, wadda muke kira kar. Ƙasarmu faɗi gare ta, jirgin sama kuwa ba na kowa ba ne. An shimfiɗa dogo tsakanin Yamai da Doso daga 2014 zuwa 2016, amma jirgin ƙasa bai shiga jigilar jama'a ba. Saboda haka abin da ya shafi kar ya shafi kowane gida. Zan ba ku labarin wata tafiya da na yi ana saura kwana 2 Sallar Layya, domin abin da ya faru a cikinta ya sa na ji kunyar kaina, kuma ina zaton ba ni kaɗai ke da irin wannan laifi ba.

Kwanan tasha

Tun da sauran kwana 3 na yanki biye, don gab da Salla kujera takan yi wuyar samu. Aka ce mu hallara ƙarfe 3 na dare, mota za ta tashi ƙarfe 4 da rabi. Da yake taksi ba ta samuwa a wannan lokaci, mutanen unguwanni masu nisa, irin su Harobanda da Talaje, tun bayan lisha suka taho suka shimfiɗa tabarmi, maza gefe guda, mata da yara gefe guda. Mai shayi ya hura wuta, ana ta awon kaya ana liƙa wa kowane ƙunshi lamba. Akwai buhunan shinkafa, da katifu, da keken ɗinki, da akwatunan kayan Salla na yara.

A nan ne mutum ke ganin amfanin karatun manya da idonsa. Wanda ya iya karatu yana duba biyensa ya ga sunansa, da ranar tafiya, da lambar kujerarsa, ya kuma adana takardar kayansa. Wanda bai iya ba sai ya yi ta miƙa takardarsa ga wannan da wancan, yana tambaya ko an kira shi bai ji ba. Kujerata mai lamba 4 ce, a layin gaba. Mai lamba 3 wata dattijuwa ce, Bagobira mai saida turaren wuta, za ta gida Tsibiri. Da na miƙa hannu zan taimake ta neman wurinta, sai ta ce: «Bar shi, ɗana, na san lamba. Shekara 2 na yi ina zuwa karatun manya.» Ta zauna, ta ɗaure biyenta a bakin zane.

A cikin kar babu babba babu yaro wajen kujera. Shugaban buro yana zaune kafaɗa da kafaɗa da mai tallan goro, kowa kuɗi ɗaya ya biya. Kana jin Zabarmanci a gabanka, Barbarci a bayanka, Fulatanci da Buzanci a gefe, Hausa kuma tana ɗinke tsakani. Ni da aikina fassara ne a wata ma'aikatar gwamnati, ko a nan ban huta ba, don kafin gari ya waye sai da na yi tafinta tsakanin wata Bazabarma da yaron mota kan zancen wani kwando da aka sa mata a ƙarƙashin kaya masu nauyi.

Abin da iyayenmu suka sha

Kada mu manta da ni'imar da muke ciki. Damagaram ita ce babban birnin ƙasar nan har 1926, lokacin da Turawan mulki suka mai da hedkwata Yamai, kuma tsakanin biranen nan 2 akwai kimanin kilomita 890. Kakana, da ya yi fatauci da jakai, tafiyar da ta kai wannan nisa da makonni yake lissafa ta. Mahaifina ya ba ni labarin zuwansa Yamai na farko, yana saurayi, bisa babbar motar kaya, a zaune kan buhunan gyaɗa, rana ta dake shi, raɓa ta jiƙa shi, gargada ta girgiza masa ƙashi, in mota ta kafe cikin rairayi kowa ya sauko a tura. Kwanaki ya yi a hanya. Ya ce ranar da ya fara shiga motar fasinja ta kamfanin sufurin gwamnati, wato SNTN, ya zauna kan kujerar kansa, sai ya ji kamar an naɗa shi sarauta.

Daga shekarun 2000 kamfanoni masu zaman kansu suka yawaita, suka kawo dogayen motoci masu na'urar sanyi da telebijin, suna tashi a kan lokaci. Yau mutum ya yi asuba a Yamai, ya yi lisha a gaban mahaifiyarsa a Damagaram. Babbar hanya mai lamba 1, wadda ake kira Hanyar Haɗin Kai, ita ce igiyar da ta ɗaure yammacin ƙasa da gabashinta har zuwa Difa da Gigimi. Mun ga darajarta cikin watan Agusta na 2024, sa'ad da ambaliya ta shanye ta a kusa da Yamai, motoci suka yi cirko-cirko, matafiya suka koma ƙetarewa da kwale-kwale. Sai dai ɗan Adam, in ya sami sauƙi, yakan manta wuyar jiya. Mu da kakanninmu suka yi makonni, yau jinkirin rabin awa ke sa mu fushi.

Hanya

Muka tashi a kan lokaci. Wajen Kure aka tsaya sallar asuba a gefen gudoro, yara suna leƙen daji ko za su hangi raƙuman dawa, waɗanda irinsu suka rage a ƙasar nan kaɗai a Afirka ta Yamma. Muka ratsa Birnin Gaure, muka shiga Doso rana tana fitowa. A kowane shinge, jandarma ko ɗan sanda ya shigo, kowa ya nuna katin ɗan ƙasa. A Dogondutsi ƴan talla suka yanyame tagogi da dafaffen ƙwai da gyaɗa da ruwan leda. A Ƙonni, inda aka yi kusan rabin tafiya, aka ba mu minti 30 mu ci abinci. Daga nan sai Tsarnawa, inda hanyar Tawa ta rabu, sai hayaƙin masana'antar siminti ta Malbaza, sai Galmi da dogayen buhunan albasarta jere a bakin hanya. A Madawa muka yi azahar, kowa ya sayi kilishi na tsaraba.

Tun daga Ƙonni na lura da abu 2. Na ɗaya, direbanmu, mutum mai kimanin shekara 40, yana tauna goro ba ƙaƙƙautawa, yana zuba wa fuskarsa ruwa, yana murza ido da bayan hannu. Na biyu, jinkirin shingaye ya ci mana lokaci, kuma wasu samari a baya sun fara ɗaga murya: «Direba, taka mana! Motar da ta taso bayanmu ta wuce mu!» Duk lokacin da muka wuce wata mota sai su yi tafi, su yi masa kirari. Direba kuwa mutum ne, yabo yana shiga kansa kamar kowa. Ya ƙara taka mai.

Ba zan ɓoye muku ba, ni ma raina ya so haka. Ban sayi ragon layya ba tukuna, ina son in isa da wuri in huta, gobe in yi sammakon kasuwa. Na sha fassara takardun gargaɗi kan haɗarin hanya daga Faransanci zuwa Hausa, na san abin da ke cikinsu kamar tafin hannuna. Amma na ja bakina na yi shiru, na mai da idona ga fim ɗin da ake nunawa.

Allurar da Hajiya ta karanta

Bayan mun bar Madawa, rana ta take tsaka, ciki ya cika, rabin mota ya yi barci. Sai maƙwabciyata ta miƙa wuya ta dubi agogon gudu da ke gaban direba, ta daɗe tana kallonsa, kana ta ce da murya a sarari:

«Ɗana, allurar ga ta wuce 120. Ƙauyen da munka wuce yanzu na ga allo an rubuta 50. Rage gudu, don Allah, akwai ɗiyan mutane cikin motar ga.»

Direba bai waiwayo ba, ya ce: «Inna, kwantar da hankalinki. Shekarata 15 a hanyar nan.»

Samarin baya suka fashe da dariya. Wani ya ce in Hajiya tana tsoro a sauke ta ta hau jaki. Wani mai manyan kaya, wanda da ganinsa ma'aikaci ne irina, ya ce kowa da ranarsa, wanda kwanansa bai ƙare ba ko mota ta tashi sama ba abin da zai same shi. Wani malami da ke bayanmu ya amsa masa cewa abin da aka koya mana shi ne mutum ya ɗaure raƙuminsa tukuna, sa'an nan ya bar wa Allah tsaronsa. Ba wanda ya kula shi. Hajiya ta juyo ta dube ni, ta ce: «Mushe, kai da ka yi lakwal, ba ka cewa komi?» Na ce mata: «Ki yi haƙuri, Inna, sun san aikinsu.» Har yau in na tuna wannan amsa sai in ji nauyi.

Ba mu yi minti 20 ba, kafin mu kai Gidan Rumji, sai na ga kan direba ya sunkuya, mota ta fara cin gefen dama. A gabanmu akwai amalanken shanu ɗauke da itace, wani yaro a kai. Hajiya ce ta yi salati da ƙarfi, yaron mota ya daki kafaɗar maigidansa. Direba ya farka a firgice, ya murɗa sitiyari hagu, ya taka birki. Motar ta yi tangal-tangal kamar za ta kife, tayoyi suka yi ƙara, kaya suka zubo daga sama, muka goge ƙarshen itacen amalanken, muka tsaya can gaba cikin ƙura a ɗaya gefen hanya. Da a ce wata mota tana tahowa daga gabas a wannan lokaci, da wani ne zai ba ku labarin nan.

Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Wata yarinya ƴar shekara 5 ta fasa goshi a ƙarfen kujera, wani tsoho ya gurɗe hannu, yaron amalanke ya faɗo amma ya tashi da ƙafarsa. Abin mamaki, waɗanda ɗazu suke tafi su ne suka fara zagin direba, har wani yana neman ya kai masa hannu. Hajiya ta tsaya tsakaninsu, ta ce: «Ku kunka tura shi. Ku bar shi shi kwanta, ko awa guda ce.»

Muka lallaɓa zuwa Gidan Rumji, aka kai yarinya gidan likita aka ɗinke ta. Direba ya shimfiɗa tabarma a gindin wata bedi, kafin a ce me barci ya kwashe shi. A nan yaron mota ya gaya mini abin da ban sani ba. Jiya da dare suka iso Yamai daga gabas, saboda cunkoson Salla aka ce su juya, abokin tuƙinsa kuma an ba shi wata motar da aka ƙara. Barcin da ya yi bai kai awa 3 ba. Na tambaye shi don me maigidansa bai ƙi ba. Ya ce: «Yallaɓai, in ya ƙi, akwai mutum 10 masu jiran makullin.»

Lissafin rabin awa

Ina zaune a inuwar nan na ciro alƙalami na yi lissafin da kowane mai karatun manya zai iya yi. Tsakanin Ƙonni da Maraɗi akwai kimanin kilomita 240. Motar da ke tafiyar kilomita 90 a awa za ta yi shi cikin awa 2 da minti 40. Wadda ke tafiyar 110 za ta yi shi cikin awa 2 da minti 11. Ribar duka ba ta cika minti 30 ba. A kan wannan rabin awa muka ɗora rayukan mutum sama da 60.

Ga wani lissafin. Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 cikin daƙiƙa guda. In direba ya runtse ido na daƙiƙa 3 kawai, ta yi tafiyar fiye da mita 80 ba mai riƙe da ita, kusan tsawon filin ƙwallo. In kuma aka ninka gudu sau 2, nisan da birki ke bukata kafin mota ta tsaya yana ninkuwa sau 4. Goro da shayi da kofi suna jinkirta barci, amma ba su biyan bashinsa. Ƙwayoyin da wasu ke sha don su hana ido rufuwa kuwa, gusar da hankali suke yi, su sa mutum ya ga nesa kamar kusa.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ake kira OMS, ta bayyana cikin rahotonta na 2023 cewa mutum kimanin miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya. Nahiyarmu ta Afirka ce ta fi kowace yawan mace-macen in aka gwada da yawan jama'arta, alhali ita ce mai ƙarancin motoci. Hukumar ta ce haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29. Mu ma ba sai an karanta mana rahoto ba. Duk wanda ya bi hanyar nan ya ga gawarwakin motoci a gefenta, kuma unguwa nawa ce ba ta taɓa karɓar gaisuwar wanda ya tafi Salla gida bai isa ba?

Abin da ke wuyan kowa

Masu kamfanoni suna da nasu nauyi. Tafiyar da ta kai kilomita 890 ba ta direba ɗaya ba ce, kuma wanda ya kwana tuƙi bai kamata a miƙa masa makulli da asuba ba, ko da fasinja sun cika tasha. Ribar kwanakin Salla ba ta kai diyyar rai guda ba. Ma'aikatan da ke kan shingaye, yadda suke duba katin fasinja, haka ya kamata su dubi idon direba, su tambaye shi inda ya kwana da lokacin da ya taso. Masu amalanke da makiyaya da masu shanya hatsi a bakin gudoro su ma a ci gaba da faɗakar da su a rediyo da fadar masu gari.

Amma yau da mu fasinja nake magana, don namu laifin ne ba a cika faɗa ba. Mu ne muke yabon kamfani da cewa motarsa tana tashi kamar tsuntsu. Mu ne muke tsaki in direba ya tsaya hutawa, muke yi wa mai tafiya a hankali ba'a. In mai saye yana neman sauri, sauri za a sayar masa. Biyen da ka yanka ya ba ka kujera, ya kuma ba ka ikon magana. In ka ga gudu ya yi yawa, ko direba yana gyangyaɗi, ko yana riƙe da salula yana tuƙi, ka yi masa magana cikin ladabi, ba da zagi ba, don shi ma uban wasu ne, gida yake son komawa. In wani ya riga ka magana, ka goya masa baya, domin murya ɗaya ana yi mata dariya, murya 10 kuwa dole a saurare ta. In kujerarka tana da ɗamara, ka ɗaura. In kun isa, ka je wurin shugaban tasha ka faɗi abin da ka gani, ka ba da lambar motar da ranar tafiya, ga su nan rubuce a biyenka. Wanda kuma ya tuƙa ku da natsuwa, ka tsaya ka gode masa a gaban jama'a, don ya san akwai masu ganin ƙoƙarinsa.

Ina kira musamman ga ƴan uwana ma'aikata. Sau da yawa mu ne muka fi kowa sanin doka a cikin mota, mu ne kuma muka fi kowa yin shiru, wai kada a ce muna nuna isa. A ranar nan takardun shaidata ba su amfani kowa da komi ba. Dattijuwar da ta koyi lamba da tsufanta ita ta karanta allura, ita ta karanta allo, ita ta buɗe baki.

Bayan awa guda da ƴan mintoci direba ya tashi, ya yi alwala, muka yi la'asar tare. Kafin ya tada mota ya juyo ya ce: «Jama'a, ku gafarce ni.» Ya dubi Hajiya ya ce: «Inna, na gode.» Daga nan allura ba ta ƙara wuce 90 ba, ba kuma wanda ya ce a taka. A Tsibiri Hajiya ta sauka, na riƙa mata kayanta har ƙasa, na roƙe ta gafara kan amsar da na ba ta. Ta yi murmushi ta ce: «Ba komi, Mushe. Gaba dai ka yi magana.» A Maraɗi aka ba mu wani direba. Muka bi ta Cadawa da Agye da Gazawa, muka yi magariba a Tasawa, muka wuce Takeita cikin duhu, muka shiga Damagaram wajen ƙarfe 10 na dare, a makare da awa 2. Na tarar da mahaifiyata zaune a zaure da fitila tana jirana. Washegari na sami ragona a kasuwa, kuma a cikinmu ba wanda Salla ta wuce shi.

Hausawa sun ce tafiya sannu sannu kwana nesa, sun kuma ce in kunne ya ji jiki ya tsira. Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya komo da su lafiya, ya ba direbobinmu haƙuri da natsuwa. Amin.